Cindo, Surukinsa da Keke Mai Sirdi Biyu

Duk wanda ya taɓa zama a fadar shayin da ke ƙofar shagon Ɗangoggo mai facin taya a Dakoro ya san Cindo. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa, don tun daga bakin tasha ake jiyo ta. Mutum ne da Allah ya hore wa baki. In ka ce ka je Maradi, shi ya kwana Agadas. In ka ce ka ga kura, shi ya taɓa ja mata wutsiya. Sana'o'in da ya fara ya watsar sun fi yatsun hannunsa yawa, ga shi kuwa yatsunsa sun fi na kowa, tunda da shida aka haife shi. Ya sayar da ƙanƙara, ta narke yana cikin yi wa masu saye bayanin sanyinta. Ya yi kiwon zabi, suka bi ƴan'uwansu na daji ba su ko yi masa sallama ba.

Wata rana da hantsi motar Maradi ta tsaya a tasha. Aka sauko da buhuna, aka sauko da kaji, daga ƙarshe aka sauko da Cindo da wani dogon ƙarfe. Keke ne, amma ba irin wanda garin ya saba gani ba. Tayarsa biyu kamar ta kowane keke, sai dai sirdi biyu gare shi, kai biyu, feda huɗu, tsawonsa kuma ya kusa na amalanke. A wurin masu sayar da tsofaffin kayan Turai ya gan shi jingine, nan take ya zube duk abin da ya samu na ragon matarsa Ramla, ya ɗauko shi. Ragon nan kuwa ita ta yi kiwonsa da dusa da ruwan tsari tun yana ɗan ƙarami, ta ba Cindo ne ya kai Maradi don an ce can ya fi daraja.

Turo keken ya yi tun daga tasha har fada. Da aka tambaye shi abin da ya hana shi hawa, ya ce yana son ƙarfen ya fara sabawa da iskar garin.

Ɗangoggo ya ajiye tayar da yake faci, ya zagaya keken ya dawo. "Cindo, keke biyu ne sunka yi karo sunka manne?"

"Rashin yawo bai yi ba," in ji Cindo. "Wanga shi ne kabu-kabun zamani. Mi ka kashe ƴan kabu-kabu? Isansi, man da mashin ka sha. To ni na kashe isansi. Ni gaba, fasinja baya. Ni in taka, shi ma shi taka."

"Tsaya tukuna. Fasinjan ma takawa za shi yi?"

"Ƙwarai kuwa."

"Kuma shi biya?"

"Yo kyauta za ni kai shi?"

"Wato in taka da ƙahwata, in yi zuhwa da jikina, in sa hannu aljihuna in ba ka. To kai mine ne aikinka?"

"Ni ka ganin hanya."

Fada ta kwashe da dariya har mai haɗa shayi ya zubar da rabin buta a kan gawayi. Uwale mai ƙosai, wadda kaskonta ke tsallaken hanya kuma kunnenta kullum ke cikin fada, ta ɗaga murya ta ce, "Ramla ta san da wanga ciniki?"

"Ramla mace ce mai hangen nesa," in ji Cindo. "Ku dai ku kasa kunne, yanzu za ku ji guɗa."

An kasa kunne, ba a ji guɗa ba. Ramla ta tsaya a tsakar gida ta bi keken da kallo daga tayar gaba zuwa ta baya, abin da ya ɗauke ta ɗan lokaci saboda tsawonsa. Sannan ta ce, "Ina ragona?"

"Ga shi nan gabanki, ya zama jari."

Ramla ta juya. Ta shiga ɗaki ta ƙulle ƴan tufafinta a zane, ta ɗora a ka, ta wuce ta gaban fada kai tsaye zuwa gidan ubanta. Nan fa wasa ya ƙare. Cindo yana son matarsa, kuma wannan ne kaɗai abin da bai taɓa ƙara wa gishiri ba a rayuwarsa. Gidan ya yi masa faɗi, murhu ya huce, ba mai ce masa "kai dai Cindo ka ji tsoron Allah" in ya zuba ƙarya a kan tuwo. Ya ji zafin abin sosai. Amma da aka tambaye shi a fada, cewa ya yi shi ya ba ta hutu.

Ya yanke shawara cewa da zarar kabu-kabu ya kama aiki, Ramla da kanta za ta dawo. Sai dai akwai ɗan cikas, shi bai taɓa hawa irin wannan keke ba, na yau da kullum ɗin ma sai ana riƙe masa baya. Ya lallashi Ɗangoggo ya zama fasinjan gwaji. Ɗangoggo mutum ne mai jiki, da ya zauna sai da tayar baya ta yi nishi. Cindo ya ce a taka, shi ya taka da dama, Ɗangoggo ya taka da hagu, alhali sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedojin. Feda ta dawo ta daki ƙaurin Ɗangoggo, ya yi ihu ya ɗaga ƙafa, ɗayar ta zo ta daki ɗaya ƙaurin.

"Juya! Juya, ga itacen Uwale nan!"

"Kai ma ka juya naka!"

"Nawa ba shi juyawa! A manne shike!"

Haka suka gane, suna kwance a cikin itacen girkin Uwale, cewa kan baya abin dafawa ne kawai. Tuƙi da birki da ƙararrawa duk suna hannun na gaba. Uwale ta tsaya a kansu da matsamin ƙosai tana tambayar wanne ne a cikinsu mai ganin hanyar.

Ɗangoggo ya rantse ba zai sake hawa ba. Cindo ya ɗaure buhun gero a sirdin baya a madadin fasinja. Buhun bai taka ba, amma bai yi gardama ba, har suka yi ɗan nisa a kan jar hanya. Da suka shiga rairayi tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya cak, buhu ya faɗo ya fashe, kajin unguwa suka yi walima. Cindo ya dawo fada yana kakkaɓe riga, ya ce gwaji ya yi kyau, ya gano duk sirrin ƙarfen. Washegari ya wanke fuska ya tafi biko.

Surukinsa, Malam Halidu, tsohon dillalin raƙuma ne da ake ji da shi tun daga Dakoro har Tagriss. Abu biyu aka san shi da su. Na farko, an ce tun da ya fara harkar nan raƙumi bai taɓa yi masa ko ƙwarzane ba, mafaɗacin amale ma in ya gan shi ladabi yake yi, shi ya sa makiyaya ba sa yarda da dillancin kowa sai nasa. Na biyu, rawaninsa. Dogo ne, fari, yana naɗa shi irin naɗin mutanen arewa ba tare da hula a ƙarƙashi ba, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin kansa a buɗe, har iyalinsa. Ramla ce ɗiyarsa ta fari, saboda haka ba ya faɗin sunanta, mijinta kuwa ko kallonsa ba ya yi, balle ya yi masa magana baki da baki. In akwai zance, ta bakin wani yake bi. Ranar sai aka yi dace amininsa Intalla, wani mai raƙuma daga Azagor, ya sauka a gidan don cin kasuwa.

Cindo ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a bakin zaure, ya sunkuyar da kai. Aka yi gaisuwa ta bakin Intalla har ta ƙare.

"Intalla," in ji Malam Halidu yana kallon bango, "tambayi yaron ga, ƙarhen da yas saya da ragon mutane, sana'a ce ko wasa?"

"A hwaɗa ma Baba sana'a ce," in ji Cindo yana kallon ƙasa. "Turawa da shi sunka yi arziki. Ni kuwa a kanshi, ko idona ruhe sai in kai mutum Maradi in dawo da shi bai san an tahi ba."

"Madalla. To gobe kasuwa. Shi ɗauke ni daga ƙohwar gidan ga zuwa kasuwar bisashe. In na isa da mutuncina, yarinya ta koma ɗakinta. In ban isa da shi ba, shi zauna da ƙarhenshi, shi riƙa tuƙa mishi tuwo."

Daga bayan zana aka ji an yi tsaki, Cindo kuwa ya san tsakin matarsa ko cikin dubu. Ya fice yana tuna yadda buhun gero ya ƙare. Amma kafin ya isa fada ya riga ya warware, har yana tambayar mutane ko akwai mai saƙon da za a kai masa kasuwa gobe, tunda shi zai riga kowa isa.

Washegari da hantsi, ƙofar gidan Malam Halidu ta cika kamar ana suna. Uwale ma ta bar kaskonta ta zo. Cindo ya turo keke ya goge shi tas, ya kama kan gaba, ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Kai! Kai! Kai!" in ji Uwale. "Cindo, ba ka da kunya? Surukinka za ka juya ma baya? Ka zauna gaba, ka turo mishi mazaunanka har kasuwa, duniya na kallo?"

Dattawan da ke wurin suka ce wallahi gaskiyarta. Intalla ya ce ko a ayari babba ke gaba. A nan ne ya kamata Cindo ya buɗe baki ya ce duk rayuwar keken tana hannun na gaba. Kalma kaɗan ce da ta cece shi. Amma idon jama'a na kansa, ga Ramla tana leƙe ta kafar zana, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Yo dama ai haka tsarin shike," ya ce. "Gyara sirdin kawai nike. Gwanaye daga baya suka tuƙi. Na gaba hutawa ce tashi."

"Cindo," in ji Ɗangoggo, "kan bayan nan fa ba shi—"

"Ɗangoggo, ƙaurinka ya warke?"

Ɗangoggo ya koma gefe ya nemi wurin kallo mai kyau.

Malam Halidu ya fito da rawaninsa da ƴar sandarsa, ya tsaya gefen keke yana jira. Aka jira shi, shi ma yana jira. Can ya ce, "Intalla, ce mishi shi durƙusar da dabbar mana." Aka kwantar da keken gefe, tsoho ya ɗora ƙafa, aka tashe shi da shi a kai. Ya gyara zama, ya dubi feda ya raina ta, ya harɗe ƙafafunsa a kan ƙarfen gaba yadda ake ɗora su a wuyan raƙumi. Cindo kuma, tunda ba a zama kusa da suruki da takalmi, ya tuɓe nasa ya miƙa wa Uwale. Fedojin nan na ƙarfe ne masu haƙora, kuma tun safe suke shan rana. Da ya ɗora tafin ƙafa sai da hawaye ya cika masa ido, ya ce wa mutane murna ce.

Intalla ya hau raƙuminsa don ya riƙa tafiya gefensu yana isar da magana. Majiya ƙarfi suka tura keken cikin rairayi har ya hau jar hanya, suka sake shi da bisimilla.

Da farko abin ya yi kamar zai yi. Hanya miƙaƙƙiya ce, tsohon kuma ya saba zama daram a kan abin da ke rangaji. Cindo na takawa shi kaɗai, kansa a sunkuye don kada ya kalli ƙeyar surukinsa, yana yin kamar mai murɗa kan baya hagu da dama don masu kallo su ga yana aiki. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin a fada. Sai hanya ta fara gangarawa.

Ya ɗan leƙa ta ƙarƙashin hammatar tsohon, ya hango amalanken jaki ɗauke da duro biyu na ruwa a tsakiyar hanya.

"Intalla! In babu damuwa, a hwaɗa ma Baba a ɗan karkata hagu!"

Intalla ya sunkuyo daga kan raƙumi. "Ya ce a karkata hagu."

"Ce mishi ai shi yac ce shi ka tuƙi."

"Ya ce kai kac ce kai ka tuƙi."

"A ce mishi haka ne, amma ana son albarkar hannun manya!"

Kafin albarkar ta iso, jakin da ya fi su duka hankali ya ja amalankensa gefe. Suka wuce ta jikinsa, fedar Cindo ta kwashe murfin duro, ruwa ya bi su a baya. Mai amalanke ya bi su da abin da ba ya maimaituwa. Gudu ya ƙaru. Wata mai tallan nono ta yar da ƙwarya ta haye dakali.

"Intalla! A roƙi Baba a kama birki!"

"Ya ce a kama birki."

"Tambaye shi mine ne birki."

"Ya ce mine ne birki?"

"Ƙaramin ƙarhen da ke kusa da hannunshi na dama! A matsa shi, don girman Allah!"

Malam Halidu ya duba kusa da hannunsa na dama, ya ga ƙaramin ƙarfe, ya matsa. Ƙararrawa ta ce ƙililin! Ya ji daɗin ƙarar, ya ƙara. Raƙumin Intalla, wanda tun da aka haife shi a Azagor bai taɓa jin irin wannan abu a gindin kunnensa ba, ya yi tsalle gefe, ya faɗa wani lungu da gudu. Aka jiyo muryar Intalla tana nisa yana cewa su jira shi.

Yanzu ga mutum biyu a kan ƙarfe ɗaya, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, kuma ba mai iya yi wa wani magana. Cindo ya koma neman ƴan aike a bakin hanya.

"Salamu alaikum mai lemu, a hwaɗa ma Baba—" sun wuce shi.

"Bawan Allah mai akuya, don Allah ce ma na gaba—" sun wuce shi.

Malam Halidu kuwa ya ga dabbar nan ta ƙi jin magana, sai ya koma ga abin da ya sani. Ya ja kan keken baya kamar akala. Ya yi mata "shshsh, shshsh," irin wanda ake yi wa raƙumi ya durƙusa. Da ta ƙi, ya zaro sanda ya shiga tsula wa ƙarfen gaba. Ya daka wa wani mai wucewa tsawa ya ce, "Kai, hwaɗa ma yaron ga dabbarshi ba ta da tarbiyya!"

Ana cikin haka iska ta kwance jelar rawanin. Ta yi filfilwa a fuskar Cindo, ta sauka ƙasa, sarƙar keke ta cafke ta. Cindo, da tsoro ya sa yake ta takawa ko a gangare, bai ankara ba. Duk takawa ɗaya, sarƙa ta haɗiye kamu guda. Rawanin ya fara warwarewa, naɗi bayan naɗi, tsohon na jin kansa na sanyi amma hannuwansa biyu na riƙe da abin da yake zaton akala ce. Sai da feda ta cije ta ƙi motsi sannan Cindo ya ɗaga kai. Daidai lokacin naɗin ƙarshe ya zame.

Abin da ya gani ya sa ya manta da zafin ƙafarsa. Sanƙo ne tal, yana ƙyalli. A tsakiyarsa kuma ga wani tsohon tabo, jeren haƙora sama da ƙasa, shatar bakin raƙumi sak, wanda ko yaron goye a Dakoro ya gani ya san mai shi. Ashe akwai amalen da ya taɓa ɗaukar Malam Halidu ta ka. Ga shi kuma kasuwar dabbobi ta bayyana a gindin gangare, cike da dillalai da makiyayan Tagriss da na Azagor, duk sun juyo suna kallon abin da ke zuwa da ƙarar ƙararrawa.

Cindo bai yi tunani ba, da ma ba al'adarsa ba ce. Na baya ba ya riƙe da komai mai amfani, hannuwansa a sake suke. Ya fizge rigarsa ta ka, ya miƙe a kan feda, ya kifa ta a kan surukinsa tun daga ƙeya har haɓa, ya riƙe gam. Kan ya rufu ruf. Sai dai idanun da ke cikin rigar su ne kaɗai idanun da ke gaban keken.

Daga cikin riga aka ji wata murya tana cewa a faɗa wa yaron nan wani abu, amma ba a gane ko mene ne ba.

Suka shiga kasuwa kamar an harbo su. Awaki suka watse da igiyoyinsu. Wani dillali da ke tsakiyar rantsuwa a kan shekarun wata saniya ya bar rantsuwar a buɗe ya haye bayan saniyar. Suka bi ta tsakanin raƙuma biyu, suka tafi da shimfiɗar wani mai sayar da kanwa, suka nufi kwamin da ake shayar da dabbobi, wanda shi bai san yadda ake kaucewa ba. Tayar gaba ta daki bakin kwami ta naɗe kamar tabarma. Malam Halidu ya tashi sama da riga a ka, ya sauka zaune cikin ruwa. Cindo ya sauka a cikin caɓin da ke gefe, wanda ba ruwa da ƙasa kaɗai suka haɗa shi ba.

Kasuwa ta ɓarke da ihu. Mutane suka ruga za su cire wa tsohon riga ya sha iska. Sai ga Cindo ya miƙe daga cikin caɓi, ba riga, ba takalmi, ya faɗa cikin kwamin ya baza hannuwa.

"Kada wanda yat taɓa rigag ga! Wanda yat taɓa ta, ni da shi!"

"Kai mahaukaci, numhwashi za shi yi!"

"Shina yi ta wuyan riga! Ku ja baya!"

Haka ya tsaya yana kai hannu ga duk wanda ya matso, har Intalla ya iso yana jan raƙuminsa yana haki. Ya ciro wani rawani daga jakarsa ya tura ta ƙarƙashin rigar. Aka ga riga tana motsi na ɗan lokaci, sannan Malam Halidu ya yaye ta ya miƙe, ruwa na zuba daga babbar rigarsa, kansa a naɗe tsaf kamar yanzu ya fito daga gida. Ya dubi gawar keken, ya dubi jama'a, ya dubi Intalla.

"Hwaɗa ma yaron ga, sana'a dai babu. Hankali babu. Ƙarhen ma yanzu babu." Aka yi dariya, Cindo ya durƙusa cikin ruwan. "Amma cewa niy yi in iso da mutuncina, kuma da shi niz zo. In an yi la'asar yarinya ta koma ɗakinta."

Da ya zo ficewa daga kwamin, sai ya sunkuya kamar mai neman sandarsa. A karo na farko tun da aka ɗaura auren nan, Malam Halidu ya yi wa Cindo magana da bakinsa, a hankali, yana kallon ruwa.

"Abin da idonka yag gani, ranar da nij ji shi a bakin wani, ita da gidanka sun rabu har abada."

Ramla ta dawo bayan la'asar. Ta dubi tafin ƙafarsa da feda ta yi wa zane, ta ce Allah ya ƙara, sannan ta ɗora ruwan zafi ta gasa masa.

Washegari fada ta cika har da waɗanda ba sa shan shayi. Aka ba Cindo kujera mai jingina, aka miƙa masa kofin farko, Uwale ta aiko da ƙosai mai zafi ba a tambaye ta ba. Ɗangoggo ya matso kusa ya sassauta murya.

"To Cindo, duk garin ga kai kaɗai Allah yan nuna ma. Mi ke ƙarƙashin rawanin?"

Wayyo Cindo. Tun da yake bai taɓa riƙe labari irin wannan ba. Ga shi na gaskiya, ba ya bukatar ko ƙwayar gishiri, ga masu sauraro sun buɗe baki suna jira. Ya ji labarin ya taso masa daga ciki ya zo ya tsaya a kan harshe, har ya san ta inda zai fara da inda za a faɗi ƙasa don dariya. Ya ajiye kofi, ya gyara murya, fada ta yi shiru. Cikin shirun nan sai ya jiyo ƙarar taɓarya daga bayan katangar gidansa, Ramla tana daka.

"Ban ga komi ba," ya ce.

"Haba Cindo! Kanshi na gaban hancinka!"

"Na ce ban gani ba."

"To ina idonka shike?"

Cindo ya dubi katangar gidansa.

"A ruhe. Tsoro nij ji. Tun daga ƙohwar gida nir ruhe ido, ban buɗe ba sai cikin caɓi."

Dariyar da aka yi ta kai tasha. Ɗangoggo ya karɓe kujerarsa, Uwale ta aiko a dawo mata da ƙosanta, kafin azahar duk Dakoro ta ji cewa Cindo da bakinsa ya ce shi matsoraci ne. Ya zauna a ƙasa ya shanye dariyar tas. Da ta lafa, ya tashi yana ɗingishi ya shiga gida, ya tarar an sauke tuwo.